Tafet Shida Daga Damagaram

Har yau ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da aka jawo motar Baba Okoro da igiya zuwa garejinmu na Fagge. Sati biyu ke nan bayan ƙaramar sallah, shekara uku da suka wuce, saura mini 'yan watanni in ajiye sifana. A lokacin ni ne shugaban ɓangaren inji. Ga wanda bai san tsarin gareji irin namu ba, akwai maigida mai fili, ƙarƙashinsa kuma akwai shugaban inji, shugaban waya da shugaban gyaran jiki, kowa da makanikansa. Duk injin da za a sauke a warware shi gaba ɗaya ta hannuna yake bi, in kuma ya tashi da matsala sunana za a kira.

Motar 404 ce, ƙirar Faransa, fara, irin mai giya a jikin sitiyari. Da yawa daga cikinku, ku makanikan yanzu, ba ku taɓa buɗe bonet ɗin irinta ba. Injinta a kishingiɗe yake, kuma akwai fili a gefensa da mutum zai iya zura hannu har kafaɗa. A kan irinta na koyi aiki. Shekara tara ta yi a ajiye a tsakar gidan Baba a Sabon Gari, an rufe ta da tamfol, tayoyi sun sace, injin ya kama.

Baba Okoro ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Lokacin yaƙin basasa ya tafi kudu, da aka gama ya dawo, ya buɗe shagon kayan mota. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Marigayi maigidana da ya koya mini aiki ba ya sayen kayan inji a wurin kowa sai shi, ni ma da na zama mai cin gashin kaina haka na ci gaba. In ka je neman abu ba shi da mai kyau, zai ce maka babu, ko da akwai wani a kan kanta. Ya rufe shagon bayan rasuwar matarsa, ya sayar da sauran kayan a dunƙule. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki.

'Yarsa Ifeoma ce ta biyo motar. Ma'aikaciyar jinya ce a Inugu, na san ta tun tana zuwa shago da kayan makaranta, shi ya sa Yaya take ce mini. Ta gaya mini ta zo tafiya da Baba ne gaba ɗaya, domin babu mai kula da shi a nan, kuma ta riga ta yanki tikitin jirgin sama na ranar Asabar ta uku. Da ƙyar ya yarda. Abin da ya nema ɗaya ne: kafin ya bar Kano a zaga da shi gari a cikin motarsa. Yana so ya ga tashar jirgin ƙasa, da layin tsohon shagonsa, da cocinsu, da maƙabartar da matarsa take. Ta ce ta ba shi shawarar a ɗauki shatar mota mai sanyi, ya ce shi ba ganin gari kawai yake so ba.

Na ƙirga kwanakin, sha takwas. Na ce mata in Allah ya yarda za ta tashi.

Satin farko ya tafi lafiya. Muka sauke inji, muka jiƙa fistin da man birki da kananzir har suka saki. Na kai karanshaf wurin masu injin gyaran ƙarfe aka goge shi. Ringi, metal, gasket, sarƙar tayimin, duk na samu masu dama-dama, domin wasunsu suna shiga da na motocin da suka biyo bayanta. Mai waya ya yi nasa, aka wanke tanki, aka sa tayoyi. Sai da na zo kan tafet aiki ya tsaya.

Bari in yi bayani, domin ko a cikin makanikai akwai masu ruɗewa. Abin da aka saba cewa saita tafet, wato daidaita 'yar tazarar nan ta saman inji, wani abu ne daban. Tafet na ainihi yana can ƙasa a cikin bulok. Ɗan ƙarfe ne kamar ƙaramin kofin shayi. Akwai doguwar sanda mai juyawa a cikin inji, kamshaf, wadda take da ƙusumbi takwas. Kowane ƙusumbi da tafet ɗinsa a zaune a kai. In ƙusumbi ya juyo sai ya ɗaga tafet, tafet ya tura siririyar sanda zuwa sama, ita kuma ta buɗe bawul, mai ya shiga ko hayaƙi ya fita. Muddin inji yana aiki, gindin tafet yana gogar ƙusumbi ba hutawa. Saboda haka dole gindin ya zama mai tauri ƙwarai, kuma ba shafaffe ba ne kamar yadda ido yake gani. Yana da ɗan tudu kaɗan a tsakiya, wanda yake sa shi ya riƙa juyawa a raminsa, cin ya bazu ko'ina. In tudun ya tafi, tafet ya daina juyawa, sai ya fara cin kamshaf.

Akwai ƙa'ida guda da ban taɓa karyawa ba. Tafet da ƙusumbinsa tare suke tsufa, kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa, don haka tsohon tafet ba ya komawa ko'ina sai raminsa. Da zan cire su na samo kiret ɗin ƙwai, na rubuta ɗaya zuwa takwas, na jera su yadda suka fito. Na wanke su na ɗora rular ƙarfe a gindin kowanne, na ɗaga a hasken rana. Shida sun yi kwarmi, wasu har da ramukan tsatsa. Na uku da na takwas ne kawai tudunsu yake nan. Kamshaf ɗin kuwa Allah ya taimaka, tsatsarsa sama-sama ce, ƙusumbin ba su ci ba. Ke nan shida nake nema.

Yini biyu na yi a Sabon Gari ina shiga shago ina fita. Layin ya canja. Yawancin masu shagunan 'ya'yan waɗanda na sani ne, ko baƙi, kuma kayan motocin yanzu ne cike da kantoci. In na ce 404 sai a yi dariya, a ce in gwada gaba. Wani ya zazzage mini tsofaffin tafet daga cikin bokiti, a cakuɗe, babu wanda ya san daga injin da suka fito, balle ramin. Waɗannan ko kyauta ba na so. A ƙarshe wani ya hau sama ya ɗauko mini sababbi guda takwas a kwali mai sheƙi, da rubutun Faransanci a jiki. Kaurinsu daidai, tsawonsu daidai. Na juya su a hannu, raina bai kwanta ba, amma na karɓa.

Ranar Litinin ta sati na biyu, bayan la'asar, na kai wa Baba su gida. Ba dole ba ne in yi haka. Na dai ga mutumin da ya yi shekara arba'in yana zaɓar wa mutane kayan inji bai kamata a zaɓa masa a bayan idonsa ba. Na same shi a kujera a baranda, an fara ɗaure kayan ɗaki a kwalaye. Ya rame, maganarsa tana ɗan ja, amma hankalinsa garau. Ya sa na haɗa gindin biyu na riƙe masa, ya taɓa da hannun hagu ya ji ko za su yi lilo. Ba su yi ba, sun manne kamar kwabo biyu. Sai ya ce Ifeoma ta ɗauko masa ƙaramin magagari a cikin durowa. Na riƙe tafet ɗin, ya goga a gefen gindin sau ɗaya. Ƙarfe mai tauri magagari zamewa yake a kansa. Wannan kuwa ya kama, har gari ya zubo a kan wandonsa.

"Tasi'u, wannan sabulu ne," in ji shi. "Shekara arba'in ina korar masu kawo mini irinsa daga shago. Yanzu kuma a sa mini shi a tawa motar?"

Na ce masa ni ma ban yarda da su ba, na kawo ne ya gani. Ya tambaye ni kamshaf, na ce lafiya lau. Ya ce to in tuna babu wani a garin nan, in wannan ya lalace shi ke nan. Ya ce in nemi mutanen Nijar, domin irin motar ta daɗe tana aiki a can bayan mun watsar da ita.

Ifeoma ta rako ni har bakin ƙofa. Ta tambaye ni tsakani da Allah, in an sa waɗannan motar za ta tashi? Na ce za ta tashi, wataƙila ma ta yi wata uku ko shida kafin su fara ƙara. Ta ce in an sa su yaushe za a gama? Na ce Juma'a.

"Yaya Tasi'u, ba Legas za ta je ba," ta ce. "Yini ɗaya nake nema. Ka sa su kawai, ba zai sani ba. Ni nake auna jininsa kullum, ba na son jira."

Na ce mata ba zan iya zaunar da shi a motar in yi masa ƙarya ba, kuma muna da sauran kwana goma sha biyu. Ta dube ni, ta koma ciki.

A nan zan gaya muku abin da ban cika faɗa ba. Akwai hanya ta uku, kuma ta zo mini a rai tun ina kan hanyar komawa Fagge. Zan iya sa marasa kyaun na yini ɗaya, in gaya wa Baba gaskiya cewa na aro ne, a yi zagayen ranar Asabar, in sake buɗe injin in masu kyau sun zo. Tafiyar awa biyu a hankali da wuya ta yi wa kamshaf wani abu. Abin da zai ci mini shi ne aikin kwana biyu da gasket ɗaya. Na auna, na ce wa kaina ai akwai lokaci, kuma ban saba yin aiki sau biyu ba. Akwai kuma son a ce Tasi'u bai taɓa sa jabu a inji ba. Wannan ma yana ciki, ba zan ɓoye ba.

Washegari na kira wani tsohon abokin aiki a Damagaram, Malam Issufu, wanda muka taɓa zama gareji ɗaya a nan Kano. Ya ce in ba shi kwana biyu. Ranar Alhamis ya kira ni yana murna, ya ce ya samu a wurin iyalan wani tsohon mai kayan mota, a cikin akwatin ƙarfe, har yanzu a naɗe cikin takardarsu mai maiƙo. Guda shida ne cif. Na sa ya gwada su da magagari muna kan waya, ya ce zamewa yake. Na yi hamdala. Ranar Juma'a ya ba wani direban da yake zuwa Kano, aka ce Asabar za su iso.

Ba su iso Asabar ba. Motar direban ta lalace kafin iyaka, ya kwana biyu yana neman gyara. Da ya tsallako kuma ya biya garinsu ganin gida. Kullum sai na je tasha, in kira shi, ya ce gobe. Injin yana nan a kan benci na rufe shi da buhu, komai ya haɗu, fistin a ciki, kamshaf a ciki, ramuka takwas a buɗe. Na riƙa wucewa ta gefensa ina kawar da kai.

Ranar Talata ta sati na uku ciwon Baba ya sake tashi. Aka kai shi asibiti ya kwana. Ifeoma ta kira ni ranar Laraba da rana, ta ce likita ya ce ya ɗan daidaita, kuma ita ba za ta jira wani tashin ba, ta mayar da tafiyar gobe Alhamis, domin can tana da likitocin da ta sani. Ba ta yi mini maganar mota ba. Ina ajiye wayar, ko awa ɗaya ba a yi ba, direban ya kira ya ce yana tasha in zo in karɓi saƙona.

Da safe na je gidan. Motar haya tana ƙofa, maƙwabta sun taru, Hausawa da Ibo da Yarabawa, wasu matan suna share hawaye. An riga an zaunar da Baba a kujerar baya, an sa masa matashi. Bakinsa ya ƙara karkacewa. Na durƙusa a bakin ƙofar motar na gaishe shi. Ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ya ce, "Sun zo?"

Na ciro tafet ɗaya daga aljihu na warware takardar na sa masa a hannun hagu. Ya shafa gindin da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina maiƙon. Na ba shi na biyu, na riƙe masa, ya haɗa su, suka yi ɗan lilon nan.

"Su ne," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Kada ka yi sauri."

Ifeoma ta ce lokaci ya yi. Na rufe ƙofar da hannuna. Motar ta bi layin ta karya kwana, ni kuma ina tsaye da tafet biyu a hannu.

Na koma gareji. Maigida ya ce tunda mai motar ya tafi in ajiye ta in kama wasu ayyukan da suke jira. Na roƙe shi kwana biyu, ya ba ni. Na wanke sababbin shidan da fetur, na gwada kowanne a raminsa ba mai. Tafet mai kyau zai sauka a hankali da nauyin kansa, ba ya maƙalewa, ba ya kuma karkaɗawa. Ɗaya ya ɗan kama, na duba na ga datti ne a ramin, na goge. Na uku da na takwas na mayar da su inda suka fito. Na shafa wa gindin kowanne maiƙo mai kauri, haka ma ƙusumbin. Na jera sanduna, na ɗora kan inji, na ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje kamar yadda aka koya mana. Sannan na saita tazarar bawul da fila geji, siririn ma'aunin nan, injin yana sanyi, ta wajen hayaƙi ta fi faɗi a kan ta wajen shigar mai. Kafin in rufe na juya injin da hannu ina kallon sandunan, na ga kowace tana ɗan juyawa a tsaye. Wannan shi ne shaidar cewa tafet ɗin da ke ƙasanta yana juyawa.

Ranar Asabar da hantsi, ranar da aka sa tun farko, muka tayar da ita. Wannan ma ku riƙe: injin da aka sa wa sababbin tafet ba a barinsa a silo da farko, domin a silo mai ba ya watsuwa sosai a kan kamshaf. Da ta kama sai na riƙe totur a tsaka-tsaki kusan minti ashirin, ina ɗan ɗagawa ina saukewa, ina kallon zafi. Hayaƙin farko ya wuce. Da na sake ta, sai ta zauna da ƙaramar ƙarar nan mai kama da keken ɗinki. Tsofaffin garejin suka bar abin da suke yi suka zo suka tsaya. Rabona da jin wannan ƙarar na manta, kuma wanda aka yi domin shi yana can nesa.

Ranar Lahadi bayan azahar na kira Ifeoma. Na yi zaton ba za ta ɗauka ba. Ta ɗauka, na gaya mata motar ta tashi, na tambaye ta ko Baba zai iya sauraro. Muka gwada kiran bidiyo yana yankewa, sai muka koma murya kawai. Ta kara masa wayar a kunne. Na buɗe bonet na kai tawa kusa da inji. Na daɗe ban ji komai ba, sai numfashinsa. Sannan Ifeoma ta ce wai in shiga in ja.

Na buɗe sifika, na sa wayar a aljihun gaban riga, na fita daga gareji. Lahadi ce, hanya ba cunkoso sosai. Na riƙa faɗa masa inda muke. Na ce ga mu a Titin Ibrahim Taiwo, na faɗi shagunan da suke nan da waɗanda aka rushe aka yi benaye. Da na sa giya ta uku da wuri sai na ji ya yi wata magana, Ifeoma ta yi 'yar dariya ta ce wai in bar ta ta ja tukuna. Na tsaya a gaban tashar jirgin ƙasa. Ya tambaya ko bishiyar da masu abinci suke zama a ƙarƙashinta tana nan. Na duba, babu ita, an yi rumfunan kwano a wurin. Na gaya masa gaskiya. Ya ce mu je.

Muka shiga Sabon Gari. A layin tsohon shagonsa na rage gudu, na ce masa yanzu batir ake sayarwa a ciki, amma ƙofar ƙarfen da ya sa ita ce har yanzu. Wani dattijo da yake zaune a benci ya gane motar, ya taso yana ɗaga hannu yana kiran sunan Baba, ya leƙo ya ga ni kaɗai ne. Na miƙa masa wayar suka yi magana da harshensu, ban ji me suka ce ba, na dai ga mutumin ya juya baya yana goge ido da hularsa. Na wuce ta gaban cocinsu, an tashi, sai yara 'yan mata biyu suna share harabar.

A ƙofar maƙabarta na tsaya. Ban san inda kabarin yake ba, kuma ban ga ya dace in shiga ni kaɗai ba. Na ce masa mun iso, zan kashe motar. Ifeoma ta ce wai kada in kashe. Na bar ta tana aiki. Mun kai minti goma a haka, ina jin Ifeoma tana yi masa addu'a a hankali. Daga baya ya ce wani abu da ban gane ba, sai da ta maimaita mini.

"Ya ce Mama ta san ƙarar. In ta ji ta daga kan kwana take ɗora ruwan shayi."

Na jira har ta ce ya gaji, za ta kwantar da shi. Na ja motar na koma Fagge.

Baba ya rasu bayan wata huɗu, aka binne shi a can. Ifeoma ta zo Kano daga baya domin sallamar gidan, ta biyo ta gareji. Na nemi gafararta, na gaya mata har da hanyar nan ta uku da na gani na ƙi bi. Ta saurare ni har na gama. Ta ce Baba bai taɓa ganin laifina ba, har gaya wa masu zuwa duba shi yake cewa a Kano akwai sauran makanikai. Ta ce ita ma ta yafe, amma ba za ta ce mini ta daina tunanin Asabar ɗin nan ta sati na biyu ba, lokacin yana iya zama, yana iya magana, yana cin abinci da kansa. Na ce ni ma haka. Ta ɗora motar a kan babbar mota ta tafi da ita kudu, ɗanta yake ja yanzu. Na ji an ce har yau ba a sake buɗe injin ba.

Abin da na koya muku game da tafet ku riƙe shi, domin gaskiya ne: ku jera su yadda suka fito, ku duba tudun, ku gwada taurin, kada kwali ya ruɗe ku. Injin nan ya tabbatar da haka. Amma shekara arba'in da wani abu na yi ina auna ƙarfe, ban taɓa zama na auna kwanakin mai mota ba, sai da abin ya wuce. Ita ma'aikaciyar jinya ta gaya mini a bakin ƙofa, da Hausa, ban ji ba, domin kunnena yana wurin inji. Mutanen da suke kawo mana irin waɗannan tsofaffin motoci yawanci ba sufuri suke nema ba, suna da inda suke so su koma, kuma ba kowa ne yake da lokacin jiranmu ba. In irinsu ya zo muku, ku yi aikin da kyau. Amma kafin ku kwance kusa ko ɗaya, ku ja masa benci ku tambaye shi me yake so ya yi da motar, da kuma yaushe. Ni na yi tambayar farko, ta biyun ce na ɗauka na san amsarta.